Martani: Kafin a kai difaranshal ɗin tsakiya wurin mai walda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in mayar da martani kan rubutun da ya fito a shafinku na motoci, wanda ya yi bayanin yadda ake ƙara wa motocin gudu masu jan ƙafa huɗu kuzari. Na ji daɗin ganin an taɓo wannan fanni da Hausa, domin ba kasafai ake yi ba, kuma marubucin ya yi ƙoƙari a batun inji da birki. Sai dai da ya zo kan difaranshal ɗin tsakiya, wato giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ya faɗi abubuwa biyu da na kasa yin shiru a kansu. Ya ce gwargwadon yadda aka ƙara masa ƙarfin kulle, gwargwadon yadda mota za ta yi sauri a kwana. Ya kuma ce wanda ba shi da halin sayen na musamman yana iya sa a like shi da walda gaba ɗaya, tunda motocin tseren rali ma ba su da shi. Ni makanike ne, a kan giyabos na tsufa, kuma na san akwai matasan da za su karanta wannan su tafi su aikata. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Malam Edita, duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli tirela tana shan kwana ya ga yadda direba yake buɗewa da kai, ƙafafun baya kuma su yanko ta ciki. Ƙaramar mota ma haka take yi, ido ne kawai bai cika lura ba. A ɗauki mota mai tazarar mita 2.6 tsakanin aksul ɗin gaba da na baya, wato sandunan da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama. Idan aka karya sitiyari sosai har tsakiyar aksul ɗin baya yana zagaya da'ira mai nisan mita 5 daga cibiya, to na gaba yana zagaya mai nisan kusan mita 5.6. Ke nan tafiyar gaba ta fi ta baya da wajen kashi 13 cikin ɗari. A babbar kwana mai mita 50 bambancin ko kusa da kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba, amma yana nan. Inji ɗaya ne yake juya su duka, saboda haka dole a samu wani abu a tsakani da zai bar gaba ya yi saurinsa, baya ya yi nasa, alhali duka biyun suna samun ƙarfi. Aikin difaranshal ɗin tsakiya ke nan, kuma wannan aikin ne walda take kashewa.

Idan aka like shi, bambancin nan ba ya ɓacewa. Yana taruwa ne a jikin ƙarfe: farfela ta murɗe, haƙoran giya su matse, sandunan da ke juya tayoyi su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba, har sai wata taya ta yi tsalle ta saki abin da ya taru. A kan tsakuwa ko laka ko dusar ƙanƙara ƙasa ce take ba da kai, taya ta ɗan zame, shi ke nan. A kan busasshiyar kwalta da tayoyi masu kamu, ƙasa ba ta ba da kai, sai dai wani abu a cikin mota ya bayar. An taɓa kawo mini wata da aka yi wa wannan aikin. Tun daga bakin ƙofa nake jin ta tana gurnani tana tsalle-tsalle wajen juyowa, kamar an taka mata birki. Da muka buɗe, haƙoran giyar da ke miƙa ƙarfi baya sun fara ɓalgacewa, man kuma cike da garin ƙarfe. Mai motar ya ce mini shi dai so yake ta riƙa tashi da ƙarfi daga tsaye. Ta kuwa riƙa tashi ɗin, amma garin neman gira ya kusa rasa ido, domin a ruwan sama ta daina bin sitiyari yadda ya saba, kuma birkin ABS, mai hana taya daskarewa idan an taka birki, ya rikice, tunda shi yana buƙatar kowace taya ta iya juyawa da nata saurin kafin ya gane wacce ta daskare.

Hujjar rali kuwa, gaskiya ce rabi. Haka ne, dokar gasar rali ta duniya ta 2011 ta cire difaranshal ɗin tsakiya daga manyan motocin gasar, an dawo da mai aiki da kwamfuta a 2017, aka sake cire shi a 2022 da zuwan motocin Rally1. Amma doka ce ta cire shi, don rage kashe kuɗi. Injiniyoyin ba su ce ba shi da amfani ba, kuma da aka ba su dama a 2017 komawa suka yi gare shi. Sannan waɗannan motoci a zame suke shan yawancin kwanoninsu, suna da abin da ke raba aksul ɗin baya da inji idan direba ya ja birkin hannu, kuma akwai tawagar makanikai da ke jiran su a kowane zango. Motar da za ka shiga da ita wurin ajiye motoci ka juya a matsattsen wuri ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tarihin motocin titi ma abin da ya nuna ke nan. Audi quattro da ta fito a 1980 tana da difaranshal na tsakiya sakakke, wanda direba ke kullewa da hannunsa idan ƙasa ta yi santsi, ya kuma sake shi idan ya hau kwalta. Tsakanin 1986 da 1987 kamfanin ya koma Torsen, mai kamawa da sakewa da kansa, don kada abin ya dogara ga tunawar direba.

Yanzu in zo kan maganar farko, wadda ta fi damuna, domin ta fi kama da gaskiya. Akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya: rabo da kulle. Rabo shi ne lambobin nan da ake rubutawa, 50:50 ko 40:60 ko 35:65, ta farko kason ƙarfin da ke zuwa gaba, ta biyu na baya. Yana fitowa ne daga siffar giyoyin da kansu. Idan giyoyin gefe biyu girmansu ɗaya, rabon daidai wa daida ne. Idan aka yi amfani da irin giyar nan mai babban zobe da ƙananan giyoyi suna kewaya ta tsakiya, sai a samu rabon da ya karkata gefe ɗaya. Jensen FF ta 1966 tana ba baya kusan kashi 63. Lancia Delta Integrale, motar da kamfaninta ya ci kofin masu ƙera motoci na rali sau shida a jere daga 1987 zuwa 1992, ta fara da 56:44, sannan mai bawul 16 ta 1989 ta koma 47:53. Subaru STI ta daɗe a kan 35:65 kafin ta koma 41:59. Wannan rabon ba ya canzawa sai an canza ƙarfen.

Kulle kuwa daban ne. Shi ne gwargwadon yadda ake hana gaba da baya bambanta gudu. Kuma da zarar kulle ya cika, lambobin rabo sun tashi daga aiki, domin ƙarfi zai tafi ne inda ƙasa ta fi kamu da inda nauyin mota ya fi dannawa. Idan gaba yana kan ƙanƙara baya yana kan kwalta, kusan dukan ƙarfin baya zai tafi, ko me aka rubuta a takarda. Shi ya sa nake gyara wa masu STI idan suka ce sun murɗa maɓallin DCCD, wato tsarin Subaru na sarrafa kullen tsakiya, sun mayar da motar 50:50. Maɓallin bai taɓa giya ko ɗaya ba, faya-fayan kuloci kawai ya ƙara matsewa.

Ga abin da nake so kowane mai sha'awar wannan gyara ya riƙe. Kulle kullum ƙwace ƙarfi yake yi daga sandar da ta fi sauri ya ba wadda ta fi jinkiri. Ba ya sanin gaba, ba ya sanin baya. Lokacin da kake shiga kwana, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka fara karya sitiyari, gaba ne yake son ya fi sauri. Kulle mai ƙarfi sai ya riƙe shi, motar ta ƙi juyowa, hancinta ya miƙe waje. Direba ya ƙara karya sitiyari, tayoyin gaba su yi ta kuka suna zafi, kwanar ta ƙara yi masa tsawo. Amma da ka wuce tsakiyar kwana ka danna totur, baya ya fara neman zamewa, to yanzu baya ne mai sauri, sai kulle ya kwaso ƙarfi ya kai gaba, gaba ya ja motar ta miƙe. Nan ne amfaninsa yake, kuma babban amfani ne. Haka ma wajen taka birki mai ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya, ɗan kulle yana sa mota ta natsu. Ke nan abu ɗaya ne yake taimakon ka a fita yake kuma cutar ka a shiga. Wanda ya ce maka ƙara kulle ƙarin sauri ne ya gaya maka labarin fita ne kawai, ya ɓoye na shiga. Duk wahalar da injiniyoyi suka sha tun shekarun 1980, da famfuna da kwamfutoci da na'urorin auna motsi, a kan wannan matsala ɗaya ce: yadda za a saki a shiga, a kama a fita.

Kowane iri da yadda yake tunkarar ta, kuma kafin mutum ya ce zai gyara, ya kamata ya san wanne ne a ƙarƙashin motarsa. Mafi yawa a tsofaffin motocin gudu shi ne biskos, irin wanda ke cikin Subaru WRX mai giyar hannu da Mitsubishi Lancer Evolution daga ta farko zuwa ta shida. Gwangwani ne rufaffe, cike da siraran faya-fayai da ruwan silikon mai kauri. Rabin faya-fayan suna bin gaba, rabi suna bin baya. Idan gudunsu ɗaya ne ba ya yin komai, idan suka bambanta sai ruwan ya riƙe su. Kyawunsa shi ne laushi. Aibinsa shi ne sai taya ta riga ta fara zamewa yake farkawa, kuma zafi ne ajalinsa. Ana sayar da masu ƙarfin riƙo fiye da na asali, kuma a kan tsakuwa suna da daɗi ƙwarai. A kwalta kuwa, mafi ƙarfinsu suna kawo ƙin kwanar nan da na ambata, har da gurnani wajen juyawa a hankali. Kuma a sani, tunda a rufe yake, canza man giyabos ba ya warkar da biskos ɗin da ya ƙone.

Abin da ya fi kashe shi ba gudu ba ne, tayoyi ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. A ɗauki taya mai lamba 245/40 R18. Tsayinta kusan milimita 653 ne, kewayenta kusan milimita 2,052. Idan ta cinye da milimita 5, tsayinta ya ragu da milimita 10, kewayenta ya ragu da wajen 31, wato kusan kashi ɗaya da rabi cikin ɗari. A gudun kilomita 100 a awa tayar tana juyawa kusan sau 810 a minti. To idan sababbi ne a gaba, cinyayyu a baya, bambancin juyi 12 ne a minti a wurin taya, kuma kafin ya iso tsakiya giyar aksul ta ninka shi kusan sau huɗu, ya zama kusan 48. A tafiyar awa ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, inda bai kamata ya yi aikin komai ba, ya sha gogayyar juyi kusan dubu uku. Idan ka ƙara masa ƙarfin kulle, ka ƙara zafin wannan gogayyar ne. Akwai wani bawan Allah da ya zo yana neman in saka masa biskos mai ƙarfi saboda nasa ya fara ɗaurewa idan mota ta yi zafi. Ban buɗe komai ba sai da na zagaya tayoyin da igiyar awo. Biyu sababbi ne na wani kamfani, biyu tsofaffi na wani. Da na saka masa abin da ya nema a kan waɗannan tayoyin, da na ƙona masa sabon ne da hannuna. Muka canza biskos ɗin da irin na asali, ya sayi tayoyi huɗu iri ɗaya, kuma da ya gwada motar ya ce maganar ƙarin kulle ta fita daga ransa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ba a jan irin waɗannan motoci da ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa, kuma ba a yin doguwar tafiya da ƙaramar safaya.

Torsen, wanda Ba'amurke Vernon Gleasman ya ƙirƙiro, shi ba ya jiran zamewa. Giyoyinsa masu karkatattun haƙora suna cije juna ne gwargwadon ƙarfin da ke bi ta cikinsu, saboda haka yana kamawa idan ka danna totur, ya sassauta idan ka ɗaga ƙafa. A ganina, cikin waɗanda ba su da kwamfuta babu wanda ya kai shi dacewa da kwalta. Amma ninkawa yake yi: yana ba gefen da ke da kamu ninkin abin da gefe mai santsi ya iya riƙewa, misali sau uku. Idan gefe ɗaya ba ya riƙe komai, kamar taya ta tashi sama, ninkin babu babu ne. Shi ya sa daga baya aka haɗa shi da tsarin da ke ɗan taka wa tayar da ke juyawa a banza birki. Masu gyara sukan canza wosar da ke cikinsa don ƙara ninkin, kuma aiki ne mai ma'ana ga motar fili, muddin wanda ya san shi ne ya yi. Audi da kanta ta karkatar da rabon zuwa 40:60 a RS4 ta tsakiyar shekarun 2000, sannan a 2010 ta fito da wani sabon salo a RS5 mai wannan rabon.

Sai masu kwamfuta: DCCD na Subaru, wanda ya fara fitowa a 1994 kuma yake matse kulocinsa da maganaɗisun lantarki, da ACD na Mitsubishi, wanda ya zo da Evolution ta bakwai a 2001, mai rabon 50:50, yana matsewa da famfon mai, da zaɓi uku na kwalta da tsakuwa da dusar ƙanƙara. A waɗannan, gyara mafi amfani ba a ƙarfe yake ba, a cikin umarnin da kwamfuta ke bi yake. Tana duba totur, da gudun kowace taya, da yadda motar ke karkata, ta yanke nawa za ta matse a kowane lokaci, kuma tana sakewa gaba ɗaya idan aka ja birkin hannu. Ana iya sake rubuta umarnin, ko a saka wata na'ura ta daban a madadinta. Wanda ya ɗauko giyabos ɗin STI mai giya shida ya saka a tsohuwar mota dole ma ya nemi irin wannan na'urar, in ba haka ba kulocin zai zauna a sake. Abin da nake tambayar duk mai sayar da irin wannan kaya shi ne: me na'urarka take yi idan na ɗaga ƙafa ina karya sitiyari, me take yi idan ABS ya kama, me take yi idan na ja birkin hannu? In amsarsa ita ce tana kullewa sosai kawai, ba na saya, kuma ba na barin wanda ya amince da ni ya saya. Mafi kyawun umarnin da na taɓa ji a ƙarƙashina rage kulle ya yi a shiga, ya ƙara shi da wuri a fita. A wurin ajiye motoci ba za ka ma san an taɓa ta ba. Kuma kafin a taɓa umarni a tabbata famfo yana ba da matsi yadda ya kamata, faya-fayan ba su cinye ba, domin kwamfuta ba ta iya matse abin da ya riga ya ƙare.

Akwai kuma motoci da yawa da marubucin ya sa cikin jerinsa waɗanda ba su da difaranshal na tsakiya sam. Tsofaffin Golf R da Audi S3 da sauran masu tsarin Haldex gaba ne yake ja kai tsaye, baya kuwa kuloci ne yake jona shi idan an buƙata. Iyakar abin da kulocin zai iya shi ne ya sa baya ya yi gudu ɗaya da gaba. Ba zai iya sa shi ya wuce gaba ba. Don haka na'urar da aka ce za ta mayar da irin wannan mota mai turi da baya, abin da take yi kawai shi ne jona baya da wuri da kuma riƙe shi da ƙarfi. Wannan yana da amfaninsa wajen tashi, amma a sayar da shi da sunansa. Kamfanonin da suka so wuce wannan iyaka ƙarfe suka canza: Ford Focus RS ta 2016 da Toyota GR Yaris ta 2020 an yi giyar bayansu ta ɗan fi ta gaba sauri, shi ya sa GR Yaris take iya kai wa 30:70. Nissan Skyline GT-R ta 1989 kuwa akasin Haldex ce, baya ne yake ja, kuloci yake miƙa wa gaba har zuwa rabi. Duk waɗannan suna da nasu man na musamman da lokacin canza shi, kuma na sha ganin wanda yake neman na'urar ƙari alhali man kulocinsa ya koma baƙi ƙirin.

Wani abin da ake mantawa: na tsakiya aksul biyu kawai yake gani, ba ya ganin tayoyi huɗu. Idan tayar gaba ta cikin kwana ce take juyawa a banza wajen fita, difaranshal ɗin gaba ne yake da magana, kuma saka masa mai hana zamewa zai fi canza motar fiye da duk abin da za a yi a tsakiya. Idan kuma ƙin kwana ne yake damun ka, a duba iskar taya, da saitin ƙafafu, da robobin da suka saki, da shokozoba, tun kafin a kwance giyabos. Sannan ga kuskuren da ya fi kowanne saurin ɓarna, wato canza giyabos ba tare da duba giyar aksul ɗin baya ba. A Subaru kaɗai akwai 3.9, akwai 4.111, akwai 4.444. Wanda ya haɗa 3.9 da 4.111 ya saka bambancin da ya haura kashi biyar cikin ɗari a kowane juyi, fiye da sau uku na tsofaffin tayoyin da na lissafa a sama.

Kada a ɗauka ina hana gyara ne. Ina yin sa, kuma ina jin daɗin sa idan ya yi kyau. Motar da aka ƙara wa inji ƙarfi sosai har biskos ɗinta na asali ya kasa riƙe ta tana buƙatar ƙari. Motar da rayuwarta a tsakuwa take tana son kulle mai ƙarfi, domin can zamewa ce hanyar juyawa. Motar tseren miƙe zalla, wadda a kan tirela ake kai ta fili, ita kam ko an kulle ta gaba ɗaya ba ni da ta cewa. Abin da nake yi kafin in taɓa kowace shi ne in tambayi mai ita a ina yake tuƙa ta, kuma a wane ɓangaren kwana take ba shi haushi. Sai mu tuƙa ta har ta yi zafi, mu shiga fili mu juya a hankali hagu da dama da sitiyari a karye, muna sauraron ko za ta ɗaure. Mu auna tayoyi, mu duba mai. Idan an zo canjin, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada a rufaffen fili, a busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya, domin saitin da ya yi daɗi a rana yana iya miƙar da hancin mota a ruwa, kuma a titi akwai mutanen da ba su san an canza komai ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a fito da gyara a shafin nan dai da rubutun ya fito, a janye shawarar walda ga duk motar da ke hawa titi. Ina kuma roƙon marubucin, wanda na ga alamar yana son wannan fanni da gaske, idan zai sake rubutu a kai ya raba motocin gida-gida, masu biskos daban, masu Torsen daban, masu kwamfuta daban, masu kuloci zalla daban, ya kuma faɗi irin ƙasar da kowace shawara ta dace da ita. Idan yana bukatar ganin cikin biskos ɗin da ya ƙone ko giyar da walda ta ɓalgace, ina da su a ajiye, zan aiko da hotunansu ta hannunka.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karatunku, makaniken giyabos